Ƙwallayen Bahagon Marlow Bend

Da safiyar ranar gwaji aka gano an yi sata a ɗakin kayan wasa na kwalejin Marlow Bend. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Jakar Kendrell Tullos, mai jifan ƙungiyar kwalejin, tana rataye inda ya bar ta jiya, cike tam. Sai da ya zuge ta ya sa hannu, sannan ya zube ƙasa dirshan.

Saje Odell Faircloth na 'yan sandan kwalejin ya iso da kofi a hannu. Ƙaton mutum ne mai gajeren wuya, ya buga ƙwallon Amurka, wadda ake jifa da hannu, a wannan filin kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ba ya son dogon bayani.

"Me aka ɗauka?"

"Ƙwallayena, Saje."

"Ga ƙwallaye nan cike da jaka."

"Ba nawa ba ne. Taɓa ka ji."

Odell ya ajiye kofin, ya zaro ɗaya. Santsi kamar sabulu. Sabuwa ce fil, ko warin kwali bai bar ta ba. Nan take ya gane girman ɓarnar. Mai jifa ba ya zuwa gwaji da sabuwar ƙwallo. Tun Kirsimeti yaron nan yake zaune da buroshi da taɓon kogi, yana dirzar nasa ɗaya bayan ɗaya, har fatar ta yi duhu ta riƙa kama yatsa. Yau kuma mafarautan manyan ƙungiyoyi, masu neman sababbin 'yan wasa, sun cika filin, kuma abin da idonsu ya gani shi zai sa a kira sunan mutum ranar ɗibar 'yan wasa ko a tsallake shi. Kwalejin ƙarama ce, ba wanda zai sake dawowa. Ga shi bahago, ga shi dama ana ta yaɗa cewa tafinsa ƙarami ne. Ƙwallo biyu su suɓuce masa, an gama da shi.

"Yaushe za ka fita jifa?"

"In an gama tsere da ɗaga ƙarfe. Kafin rana ta raba." Yaron ya goge ido. "Mamata na can kan benci, har hular coci ta sa."

"Tashi ka wanke fuska. Wa ka gaya wa?"

"Baba Purvis kawai."

"To, kada ka ƙara. Ko kocinka. Wanda ya tambaye ka, lafiya lau."

Odell ya juya ƙwallon a hannunsa. Babu farin ratsin da ke jikin ta 'yan kwaleji, ta ƙwararru ce. Kusa da ɗinkin kuma akwai wuri ɗan mitsitsi da aka kankare. Ya zaro ta biyu, ta uku. Duk an kankare su a wuri guda. Ya mayar, ya zuge jakar.

Baba Hoyt Purvis, mai kula da ɗakin kayan, yana tsaye bakin ƙofa yana murza hula.

"Baba, wa ke da makulli?"

"Ni da koci. Odell, kai ma ka san ni. Ni na ɗaure maka gwiwar nan sanda kake kuka kamar jariri."

"Na san ka. Shi ya sa nake tambayarka a tsaye, ba a ofis ba. Kana da irin waɗannan a sito?"

"Ina zan samo su? Namu duk masu ratsi ne. Na yaron ma wakiliyarsa ce ta kawo masa."

"Ka bar ƙofar a buɗe yau?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Mafarauta uku sun zo da sassafe, suna son ɗakin kallon bidiyo. Ta nan ake bi. Na buɗe musu, na tafi na karyo kumallo. Haka muke yi kullum."

"Su waye?"

"Wani dogo daga arewa, da wata mata mai tabarau, sai Lyle Dunaway. Shi ɗan gida ne ai, har tarwaɗa soyayyiya yake kawo mini."

"Wa ke jin haushin yaron?"

"Wyatt Massengale. Shi ne mai jifa kafin bahagon ya ƙwace masa wuri. Bara har naushi suka yi."

Odell ya sami Wyatt a ɗakin gashin ƙashi, zaune cikin bahon ƙanƙara, haƙora na kaɗawa.

"Tun yaushe kake nan?"

"Tun da aka buɗe. Tambayi likita, shi ya jefa ni ciki. Me na yi kuma?"

"Ka shiga ɗakin kaya yau?"

"Da wannan ƙugun mai ciwo? Saje, ko bayan gida da ƙyar nake zuwa. Wani abu ya sami sarkin 'yan hagu ne?"

"Kana so wani abu ya same shi?"

"Ina so ya tafi. A ɗauke shi, ya yi nisa, in dawo wurina. In ya faɗi yau, nan zai dawo yana yawo da usur kamar koci, yana koya mini riƙon ƙwallo. Allah ya kiyaye."

Likitan ya tabbatar da zancen. Odell ya fita. Dama bai sa rai ba. Ɗalibi zai iya sayen ƙwallo a kanti, amma ta kanti ba ta da abin kankarewa.

A waje an fara tsere. Mafarauta sun jeru bakin layi, kowa da agogo a tafi. Renata Coyle, wakiliyar Kendrell, tana gefe da waya a kunne. Odell ya tsaya gabanta har ta kashe.

"Madam, kin kawo wa yaronki wasu ƙwallaye yau?"

"Don me? Yana da nasa." Ta dube shi da kyau, fuskarta ta canja. "Me ya faru?"

Ya gaya mata a taƙaice. Ta dafe ƙarfen shinge.

"A ɗaga gwajin!"

"Ki ɗaga, su hau mota su tafi wata kwalejin. Za su dawo?"

Ta girgiza kai.

"Ke ba ki da riba in ya faɗi, na sani. Amsa mini wannan. Mutum uku sun shiga ta ɗakin kaya da safe: dogon arewa, mai tabarau, da Dunaway. Wanne ne ba ya son Kendrell?"

"Dunaway. Tun kaka yake zaginsa. Tafi ƙarami, kafaɗa sanyi, bahago ba ya kai ko'ina. Sauran biyun kuwa kullum yabo, kamar su goya shi."

"To masu yabon su ke son sa."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Saje, lokacin ƙarya muke ciki. Daga yanzu har ranar ɗiba ba mafaraucin da ke faɗin gaskiya. Wanda ya yabi yaro a fili, so yake wata ƙungiya ta ɓata zaɓinta a kansa. Ƙungiyoyin waɗancan biyun duk suna da masu jifa matasa, me za su yi da Kendrell?"

"Dunaway fa?"

"Mai jifan ƙungiyarsu ya tsufa. Amma ranar ɗiba bi da bi ƙungiyoyi ke zaɓe, su kuwa sun sayar da zaɓinsu na farko-farko, sai can ƙarshe layi zai zo kansu. Kafin nan an ɗauke duk wani na kirki."

"Sau nawa ya zo kallon yaron?"

"Ban taɓa zuwa wasa ban gan shi ba. Har cocin uwar ya je, wai wucewa yake."

Odell ya tuna ubansa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana sayar da tsofaffin motocin ɗaukar kaya. Mai yabon mota ba ya saye. Mai harbin taya da ƙafa yana cewa injin ya mutu, amma ya ƙi barin wurin, shi ne da kuɗi a aljihu.

An koma ɗaga ƙarfe. Lokaci na tafiya. Odell ya cire hular aiki, ya sassauta fuska, ya nufi teburin kofi. Lyle Dunaway na nan, siriri mai furfura, rana ta ƙona masa wuya, yana tauna taba.

"Mista Dunaway, ni tsohon ɗan wasan nan ne. Gaya mini tsakani da Allah, bahagonmu zai kai labari?"

"Saje, kada in ɓata maka safiya."

"Ɓata, na saba."

"Yaron kirki ne, yana gaida mutane. Gara ya nemi aikin koyarwa." Ya tofar da yawu a kofin takarda. "Na auna tafin nan da kaina. Yara 'yan firamare sun fi shi."

"Amma na ga ya jefa ta daga tsakiyar fili cikin ruwan sama."

"A gaban manoma da shanu. Yau fa? Ka tsaya ka gani. Sabuwar fata ba ta zama a ƙaramin hannu. Kafin jifa na uku za ka ga ta tashi sama tana tangaɗi kamar agwagwa."

Odell ya mayar da hularsa. Ya gyara mata zama.

"Wa ya ce maka sabuwa ce?"

Bakin Dunaway ya tsaya da tauna.

"Ai… haka ake yi."

"Ba haka ake yi ba, kuma ka fi ni sani. Kowane mai jifa da nasa dirzazzu yake zuwa. Mutum huɗu suka san abin da ke cikin jakar nan: yaron, Baba Purvis, wakiliyarsa, da ni. Kai ne na biyar. Ina motarka?"

"Kana da takardar alƙali?"

"Ba ni da ita. Zan aika a karɓo. Kafin ta iso zan kafa motata bayan taka, in kunna jiniya, abokan aikinka duk su bar agogo su zo kallo. Ko kuma mu taka mu biyu, kamar masu zuwa shan taba. Zaɓi."

Dunaway ya dubi filin, ya dubi ƙasa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli.

A but ɗin motar, ƙarƙashin rigar ruwa, akwai buhun wanki. Odell ya kwance bakinsa. Ga su nan, baƙaƙe, suna warin taɓo. An ma naɗe su da tawul don kada zafi ya busar da fatar. Ya kira Renata a waya, ta zo da gudu, takalmi a hannu. Ya ɗauki hoto, sannan ya miƙa mata buhun.

"Kai masa. Ki ce ya bar kallon benci, ya kalli mai cafkewa."

Ta runguma ta juya a guje.

Odell ya buɗe ƙofar baya ta motar 'yan sanda. Dunaway ya shiga ba gardama.

"Ta yaya?" ya tambaya. "Bakina kawai?"

"Bakinka ya ƙarasa ka, amma tun kafin nan kana hannu. Ɓarawon da ke son kaya, jaka zai ɗauke gaba ɗaya. Kai ka cika ta, don so kake ya fita ya ji kunya a gaban kowa. Ƙwallayen da ka zuba ba su da ratsi, ba daga sitonmu suke ba. An kankare kusa da ɗinki, inda ƙungiya ke buga sunanta, to ba daga kanti suke ba, daga ɗakin wata ƙungiya suka fito. Mutum uku na ƙungiya suka bi ta ƙofar. Biyu ba sa bukatarsa. Kai kana zaginsa, amma har cocin uwarsa ka je. Kuma na san ba ka zubar da su ba. Wanda ya san wahalar dirzar fata ba zai iya jefa ta a bola ba."

Dunaway ya jingina kai da kujera. "Ban yi don in cuce shi ba. Ni na fara ganinsa, tun ba wanda ya san sunan garin nan. Yaron nan ya fi duk wanda na taɓa gani. In ya yi jifa yadda ya saba, wasu za su ɗauke shi tun kafin layi ya zo kanmu, ni kuma ƙarshen shekara a sallame ni. Rana ɗaya kawai zai yi mummuna, kowa ya watse, mu ɗauke shi a ƙarshe. Da na mayar masa da su da hannuna."

"In kuma shugabanka ya ga bidiyon yau ya ce ba ya so?"

Dunaway ya kau da kai.

"Da ka kashe shi a banza. Uwarsa na kallo."

Odell ya zagaya ya zauna, ya tada mota. Ta madubi ya hango mafarauta suna barin wurin ƙarfe, suna tururuwa zuwa tsakiyar fili.

"Saje," in ji Dunaway, murya ƙasa-ƙasa. "Don Allah. Jifa ɗaya. Ka juya motar kawai, ba sai na fita ba."

"A'a."

"Shekara uku ina bin yaron nan."

"Ka gama bin sa."

Motar ta bi bayan bangon filin, inda ba a ganin komai sai bulo. Suna kaiwa ƙofar fita aka ji shiru ya sauka, dogon shiru, sannan ihu ya tashi daga benci, muryar mace ɗaya ta fi ta kowa.

Dunaway ya rufe ido.

"Dogon jifan nan nasa ne, na kusurwar hagu," ya ce. "Ka ji yadda ta daɗe a sama? Ba wanda ke jefa ta haka."

Odell ya kunna sigina, ya hau titin ofis.