Masarar Malam Ɗayyabu

"Inna ta ce kada ki sake taka mata gida."

Garzali ya faɗi maganar kansa a sunkuye, yana jingine da babur ɗinsa a ƙofar gidansu Safiyyah da ke Daurawa. Ko tabarmar da ta shimfiɗa masa a soro bai kalla ba.

"Ni? Yaya Garzali, me na yi wa Inna?"

"Ba ki yi komai ba, Safiyyata. Mutane ne..."

"Faɗa min kawai!"

"Cewa suke ke ce kika kama kurwar Hasana."

Hasana ƙanwarsa ce, kuma aminiyarta tun suna sakandare. Ta dalilinta ta san gidansu na Gyaɗi-Gyaɗi, a nan Garzali ya ganta, har aka kai kuɗin gaisuwa. Yanzu ga Hasana kwance a asibiti, idanu sun yi ɗorawa, ciki ya kumbura.

"Mayya kenan," ta ce a hankali. "Ni ce mayya."

"Uwani maƙwabciyarmu ce ta fara. Wai aikinki kiwon cuta a cikin faranti, kina ba ta abinci tana girma. Wai tun da kika fara shiga gidanmu mutuwa ta biyo ki."

Abin takaicin, akwai gaskiya a rabin maganar. Safiyyah ɗaliba ce mai neman digiri na biyu, bincikenta a kan ƙananan halittun da ido ba ya gani, masu sa wa tsirrai da dabbobi da mutane cuta. Kullum tana ɗakin bincike tana rainonsu a ƙananan farantai don a gane halinsu.

"Kai fa? Ka yarda?"

"Haba, hasken idona! Amma Inna uwata ce, kuma abin da ke faruwa a gidan nan ni kaina tsoro yake ba ni. Baba ya rasu ana shirin rantsar da gwamnatin farar hula, mutumin da ya wuni a layi don ya jefa ƙuri'a, bai ga ranar ba. Ba a yi arba'in ba tattabarunsa suka fara faɗowa daga saman ɗaki, ba yanka ba rauni. Kaji suka bi. Akuyar Inna ta yi ɓari ta mutu. Yanzu Hasana..."

Hawayen da ke idon Safiyyah ya tsaya cak.

"Bayan Baba, tattabaru ne farko?"

"Su ne."

"Me ake ba su?"

"Tsaba mana. Masarar da Baba ya nomo bara. Dusarta ake ba akuya, garin kuma Inna ke tuwo da shi. Ta ce ba za ta ci hatsin kasuwa ba alhali gumin mijinta na gida."

"Kai kana ci?"

"Sai na zo hutun mako. Kin san a makarantar kwana nake koyarwa."

Ta kama gefen mayafinta ta matse. "Kai ni gidanku. Yanzu."

"Safiyyah, Inna ta rantse..."

"In ta kore ni na tafi, auren ma a fasa. Amma yau ma da wannan garin za a dama wa Hasana kunu a kai mata asibiti, ko ba haka ba?"

Ya tayar da babur.

Sai da suka biya ta makaranta ta roƙi aron wata fitila a wurin malaminta, sannan suka nufi Gyaɗi-Gyaɗi. La'asar ce, hadari ya haɗu ta gabas, gari ya yi duhu-duhu. Fastocin 'yan takara da ruwa ya jiƙa suna reto a jikin bangaye, fuskokin sun koɗe. Matan da ke bakin famfo suna ganin Safiyyah suka ja yaransu. Wata ta tofa addu'a a cikin rigarta.

Gidan ya yi tsit. Gida ne da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda kukan tattabaru. Yanzu akurki a buɗe, turke babu komai sai igiya.

Inna Ramatu na zaune a kan tabarma, carbi a hannu. Ta rame, ƙafafunta sun ɗan tasa.

"Garzali! Ni za ka nuna wa ban isa ba?"

Ya durƙusa. "Ki yafe min, Inna. Ban taɓa saɓa miki ba. Ki saurare ta sau ɗaya, don girman Allah."

Safiyyah ta zube a gabanta. "Inna, ba don kaina na zo ba. Ki bar ni in ga siton Baba. In ban ga abin da nake tsoro ba, wallahi ba za ki ƙara ganin ƙafata ba."

"Siton Malam? Shi ma cinyewa za ki yi?" Muryar Inna ta karye. "Nan kaɗai ya rage min. In na shiga na dafa buhunan nan, ɗumi nake ji kamar jikin mutum. Kamar yana ciki bai tafi ba..."

Safiyyah ta ɗago kai da sauri.

"Ɗumi, Inna? A wannan sanyin damina?"

"Ɗumi! Ke me kika sani?"

"Hatsin da ya bushe ba ya ɗumi. Sai in akwai abin da ke raye a cikinsa."

Inna ta kunce mukulli daga bakin zaninta ta jefa wa ɗanta.

Siton na can ƙuryar gida, babu taga. Garzali na tura ƙofar wani wari ya buso su, mai nauyi, kamar na tsohuwar rijiya. Rufin ya yi yoyo, bango ya jiƙe har ƙasa. Buhuna ne a jere, hular Malam Ɗayyabu na rataye a ƙusa a samansu. Safiyyah ta ɗaure hancinta da mayafi ta ɗora tafin hannu a kan buhu ɗaya. Da ɗumi kuwa, kamar goshin mai zazzaɓi. Da ta kasa kunne sai ta ji wani ƙas-ƙas a ciki, ƙwari na ta ci.

Ta zura hannu can tsakiya ta ɗebo, ta farfasa da dutse a kan faifai. A ido masara ce kawai, sai ɗan kore-kore a jikin wasu ƙwayoyin.

"A rufe ƙofar," ta ce.

Duhu ya rufe su su uku. Ta kunna fitilar, mai wani shuɗin haske da ba ya haska ɗaki. Sai ga faifan ya kama ƙyalli. Ɗigo-ɗigo, kore mai ruwan ɗorawa, kamar idanun wasu halittu da aka tasa daga barci suna kallonsu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Inna ta ja da baya ta riƙe Garzali. "Aljanu!"

"Ba aljanu ba ne, Inna. Fumfuna ce. Tana kama masara tun a gona, in ta samu laima a sito sai ta yaɗu. Akwai irin da ke zuba dafi a cikin hatsi, wuta ba ta kashe shi, kuma hanta yake ci. Tsuntsu ya fi saurin faɗuwa, sai dabba, sai mutum. Wannan hasken alama ce kawai, sai na kai ɗakin bincike an tabbatar. Amma daga yau ko ƙwaya ɗaya kada a ƙara ci."

Garzali ya buɗe ƙofa. An fara yayyafi. Inna ba ta motsa ba, idonta na kan hular da ke rataye.

"Malam ma idonsa ya yi ɗorawa," ta ce, kamar mai magana da kanta. "Aka ce shawara ce. Tuwon nan yake so, ni nake tuƙa masa da hannuna. Ranar da zai rasu ma sai da na ba shi kunu..." Ta juyo. "Ke yarinya, gaya min gaskiya. Ni na kashe shi?"

Safiyyah ta waiwaya. Garzali na girgiza mata kai a ɓoye, yana roƙonta da ido ta ce a'a.

"Ban sani ba, Inna. Ban duba Baba ba, ba zan ce miki masarar ce ba, ba kuma zan rantse ba ita ba ce. Abin da na sani, da hannun ƙauna kika ba shi, kuma kwanansa ne ya ƙare. Amma Hasana na da rai. Ita za mu iya taimaka wa."

Inna ta sulale ƙasa ta fashe da kukan da ba ta yi ba ko ranar jana'iza.

Gwaji ya tabbatar da zargin Safiyyah. Malaminta da kansa ya je ya yi wa likitocin Hasana bayani, aka sauya mata kulawa. An kwashe buhunan zuwa bayan gari aka ƙone. Aka bi gidajen da Inna ta yi wa kyautar masarar, har da na Uwani, wadda ƙaramin ɗanta ya fara rama.

Hasana ta sha wuya. Akwai ranar da aka fitar da rai, Safiyyah na riƙe da hannunta tana kuka tana kiran sunanta. Amma a hankali kumburin ya saɓe, idon ya washe, har ta fara tsokanar ƙawarta da "matar Yaya".

Sai dai Inna ba ta aiko ba, Safiyyah kuma ba ta koma gidan ba. Iyayenta sun ji zancen maitar, mahaifinta ya ce a mayar da kayan mutane. Garzali ya zo ya yi ta roƙo a soro, ba a saurare shi ba.

Ranar da Inna Ramatu ta fita takaba, ba ta je gidan 'yan'uwanta ba kamar yadda aka saba. Da ƙafa ta tako daga Gyaɗi-Gyaɗi har Daurawa, da hantsi, kowa na gani. Ta yi sallama, ta ƙi hawa kujera, ta zauna a ƙasa gaban mahaifiyar Safiyyah.

"Hajiya, da bakina na ɓata sunan 'yarki a unguwa. Gida-gida na bi na wanke ta kafin in zo. Ban zo roƙa wa Garzali mata ba, wannan tsakaninsa da ku ne. Kaina na zo roƙa wa gafara."

Safiyyah ta fito daga ɗaki da gudu ta durƙusa ta kama hannayenta. "Inna, don Allah ki tashi..."

"Ba zan tashi ba sai kin ce kin yafe."

"Na yafe, Inna! Wallahi na yafe tuntuni!"

Hajiya ta share ido da gefen ɗankwali, ta leƙa tsakar gida ta ɗaga murya.

"A kira min Alhaji a shago. A ce ya zo yanzu, surukarsa ce ta zo a sa rana."