Takalmin Ƙafar Hagu

Rigimar ta fara ne a wurin ajiye motoci na asibiti, ranar Laraba da hantsi, lokacin da Baba yake ciki ana yi masa gashin ƙashi. Auta ta jingina da motar tana juya makulli a yatsa. Ba tare da ta kalli Dogo ba ta ce masa a ƙara ɗaga bikinsu zuwa ƙarshen shekara. Karo na uku ke nan.

Dogo bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ta fi samun sauƙi. Likitan dabbobi ne, mutumin da zai tsaya awa shida yana jiran saniya ta haihu bai duba agogo ba, amma yau haƙurin nasa ya kawo wuya. A hankali ya tuna mata cewa gidan da ya kama musu ya yi wata takwas ana share shi babu mai kwana, labulen da ta zaɓa da kanta har sun fara koɗewa.

"Dogona, ka fahimce ni... in na tafi, wa zai riƙa kawo Baba?"

"Na ce miki ni zan riƙa kawo shi."

"A wace motar?"

Nan ne gizo yake saƙar. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa damansa shekara ɗaya da rabi da suka wuce, Baba yake zuwa gashi sau uku a mako. Gidan amarya kuwa yana can ɗaya ƙarshen garin, kusa da makarantar da Auta za ta koma koyarwa, tafiyar awa guda in hanya ta yi kyau. Shi kuma Baba ba ya shiga motar kowa sai tasa, kuma ba ya yarda kowa ya tuƙa tasa sai Auta.

Ba wata motar a zo a gani ba ce. Fara ce mai ƙofa huɗu, otomatik, shekararta ashirin da ɗaya a gidan. Fentin rufinta ya ci rana, rediyonta tasha ɗaya yake kamawa, gilashin baya sai an taimaka masa da hannu yake hawa. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ajiye su a hanya ba. Kullum safe Baba yakan bar ta minti biyu tana ɗumama, man giya ba ya wuce lokacinsa, bakanike kuwa ba ya kwance ko noti sai Baba yana tsaye a kansa. A cikinta aka kai Auta makaranta ranar farko tana kuka, a cikinta aka kai Mama asibiti tafiyar da ba ta dawo ba. Mutum uku suka taɓa riƙe sitiyarinta, Baba da Mama da Auta. Yayan Auta ma, da gemunsa da 'ya'yansa uku, da ya nemi aro an ce ya je ya sayi tasa.

Dogo ya san duk wannan. Ya ce yana son Baba, amma ba zai iya ci gaba da zaman jiran ranar da ba ta da suna ba. Auta ta ji ranta ya ɓaci, don ta san gaskiya ya faɗa.

"To in ba za ka iya jira ba... ni ban riƙe ka ba."

Kafin ta rufe baki ta yi nadama. Tana son mutumin nan har cikin ƙashinta, kuma ta ga yadda maganar ta sauka a fuskarsa. Sai suka ji ƙarar sanda a bayansu. Ashe an sallami Baba da wuri, ya lallaɓo shi kaɗai, kuma babu wanda ya san tun yaushe yake tsaye.

Dogo ya rusuna ya gaishe shi. Baba ya amsa da kai, ya miƙo hannun hagu. Auta ta matso za ta riƙe shi, ya janye.

"Makulli."

Ta ba shi. Ya juya shi a tafinsa kamar yana auna nauyinsa, sannan ya miƙa wa Dogo.

Auta ta shiga baya. Tana kallo Dogo ya tura kujera har ƙarshe don ƙafafunsa su samu wuri, ya taɓa madubin da ita kanta sai da izini take taɓawa. Baba yana gefensa ya ɗaura bel. Motar ta tashi da murɗawa ɗaya kamar kullum, suka gangara a hankali zuwa ƙofar asibiti.

Abin da babu wanda ya tuna shi ne, Dogo shekara goma yana fama da a-kori-kura mai giyar hannu a hanyoyin gonaki. Da mai gadi ya ɗaga hannu a rage gudu, ƙafarsa ta hagu ta tafi neman kuloci ba tare da ta yi shawara da shi ba. Babu kuloci a wurin, sai faffaɗan birki. Ya take shi da dukan ƙarfinsa.

Motar ta ƙame wuri ɗaya. Bel ya fizgi Baba, hularsa ta faɗa kan cinyarsa, goshin Auta ya bugi bayan kujera, mai gadi ya yi tsalle gefe yana salati. Gumi ya keto wa Dogo. Ya fara ba da haƙuri yana in'ina, Auta kuwa ta runtse ido ta ce a ranta shi ke nan, ga mota ga aure duk sun tsaya a ƙofar asibiti.

Baba ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama. Tun da ciwon ya same shi magana take fito masa ɗaya-ɗaya, don haka ba ya ɓarnar ta.

"Cire takalminka na hagu."

Dogo ya waiga yana neman fassara, sai ya ga Auta ta toshe baki da mayafi. Ita ta san maganar. Haka Baba ya koya wa Mama, haka ita ma ta yi wata guda tana tuƙi da takalmi ɗaya tana 'yar shekara goma sha takwas. A ganin Baba, ƙafar da ba ta da takalmi ba ta rashin kunyar kai kanta inda ba a kira ta ba. Kuma bai taɓa faɗa wa kowa hakan ba sai wanda ya yi niyyar bar wa motar.

Dogo ya cire, ga safarsa da huji daidai babban yatsa, a gaban suruki. Ya rasa inda zai ajiye takalmin, ya miƙa wa Auta baya. Baba ya ce ya naɗe ƙafar ƙarƙashin kujera, a motar nan ƙafa ɗaya ke aiki, giya kuma ta san abinta tun kafin ya koyi tuƙi, kada ya ce zai koya mata.

Suka hau titi. Da suka wuce mahaɗa ta biyu lafiya, Baba ya nuna wurin tsayawar bas ya ce a tsaya.

"Auta, sauka. Ki biyo mu a bas."

Ta fara lissafo masa dalilai: ramin da ke bakin layinsu, ƙofar gida mai ƙunci, maganin da zai sha da azahar. Ya bar ta ta gama.

"Na ji abin da kika faɗa masa," ya ce, yana kallon titi. "Shekara ɗaya da rabi ina cewa motar nake karewa. Ba ita ba ce... tsoro nake ji ki tafi gidan ya yi mini shiru. Wannan kuma ba nauyinki ba ne, 'yata. Kada ki ƙara ɗaga komai saboda ni."

"Baba..."

"Sauka mana, kina ɓata mana darasi."

Dogo ya dube ta ta madubi, idonsa ya yi ja. Ya ce ta kwantar da hankalinta, zai kai shi gida lafiya, ranar Asabar ma tun ƙarfe bakwai yana ƙofa.

Ta sauka. Motar ta ja, fitilun birki suka haska sau ɗaya da ɗan ƙarfi, ta hango hannun Baba ya ɗagu yana faɗa, daga nan tafiyar ta daidaita. Tausayin tsohon ya cika ta, da farin cikin da ta daɗe ba ta bar kanta ta ji ba, hawaye suka ƙi tsayawa. Sai da suka sha kwana ta lura har yanzu tana rungume da ƙaton takalmin Dogo a ƙirjinta.

Wata dattijuwa da ke jiran bas ta dubi takalmin, ta dubi fuskarta, ta matso.

"'Yar nan, lafiya kuwa?"

Auta ta share ido da bayan hannu, dariya tana ƙwace mata.

"Lafiya lau, Iya. Aure zan yi."