Mai Gida a Cikin Kachala

Aljani ba ya yafe wa wanda ya ƙone masa gida. Tsuntsu ma haka, sai dai shi ba a taɓa tambayarsa ba.

A fadamar bayan gidan mai noman shinkafa akwai wani tsuntsu, ɗan uwan zalɓe, da ke ɓuya cikin kachala. Da magariba yakan yi kuka mai zurfi kamar ana hura bakin tulu. Ranar da manomin ya cinna wa rabin kachalar wuta don ƙara gona, aka tarar da tsuntsun tsaye cikin toka, baki a sama, fukafukai a babbake. Autar gidan ta roƙi a bar shi. Uban ya murɗe masa wuya a gabanta.

Da rana ta faɗi, kukan ya dawo, amma daga ɗakin auta. Duwatsu suka yi ta sauka a kwanon rufi, ɗaya ya fasa wa uban goshi. Aka tarar da yarinyar tsaye ƙiƙam, haɓa a sama, tana rangaji kamar ciyawa.

Washegari aka kira mai ruƙiya, wanda a iliminsa aljani ya fi jin magana ta fatar mutum. Uban ya danne ta, shi kuma ya yi ta zabga mata bulala har rigarta ta manne da jini. Uwar ta juya fuska ga bango.

Can wata murya ta fito daga ƙirjin yarinyar.

"Malam, hannunka bai gaji ba?"

Mai ruƙiya ya yi tayin baƙin zakara. Muryar ta ce tsuntsayen da aka kashe sun isa. Sharaɗinta biyu: a bar sauran kachalar, sannan a rama bulalar a bayan wanda ya danne da wanda ya doka.

"Baba, kai za ka fara," in ji muryar. Ladabin ya ba kowa mamaki, amma ba wanda ya ga lokaci ne na bincike.

Mazan biyu suka tuɓe riga, suka yi wa juna aikin tsakani da Allah. Auta ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

A asibiti, ma'aikaciyar jinya ta dubi bayan mutum uku, ta tambayi me ya same su.

Uwar ta ce tsuntsu.