Lakar Vasemaca da Haƙorin Jolame

"Ku mayar da su teku!"

Gwaggo Seini ce ta daka tsawar, tana nuna dogayen bututan da aka jera a bakin ruwa.

Vasemaca, wadda muke kira Vase, ta zube a kan yashi ta rungume ɗaya, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Gwaggo, ki rufa min asiri... karatuna ne a ciki!"

"Karatu? Laka ce, yarinya! Lakarmu!"

Shekarar Vase ta farko ke nan a digiri na biyu a birnin Suva, tana nazarin ƙasan teku. Jirgin bincike ya haƙo mata lakar daga gindin ruwan ƙauyenmu a tsibirin Kadavu ya yi gaba abinsa, kuma ba ranar dawowarsa. In lakar ta zube, karatun ya zube.

Matsalar ita ce mai garinmu ya rasu, an kafa sanda da ganyen kwakwa a ruwa, ba mai taɓa ko tsakuwa sai an fita makoki. Unaisi, 'yar ƙauyenmu da suke aji ɗaya da Vase, ita malaminsu ya aiko da saiwar yaqona, wadda ake kai wa manya gaisuwa, ta nemi izinin dattawa. Ta koma ta ce an amince. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma kowa ya san dalili, domin tun tana 'yar mitsitsiya take mutuwar son Jolame.

Shi kuwa Jolame, matuƙin kwalekwalenmu da Gwaggo ta raina, tunda ya ɗauko Vase daga tashar jirgi bara ya daina ganin kowa.

Ya durƙusa kusa da ita.

"Ɗago ki dube ni, abar ƙaunata."

"Jo, na shiga uku... ban sani ba, na rantse!"

"Na sani. Ba mai zubar miki da ko cokali ɗaya."

Gwaggo ta taɓe baki.

"Oho! Yau kuma mai haƙa kabarin teku ce abar ƙauna? Ga Unaisi, 'yar gida, ta iya saƙa tabarma!"

Washegari da hantsi dattawa suka zauna yanke hukunci. Sai ga Jolame ya shigo da rarrafe, riƙe da wani abu a ƙunshe. Ya warware shi a gabansu.

Tabua ce, haƙorin ƙaton kifin teku, wadda mahaifinsa ya bar masa. Ita kaɗai gare shi, kuma a nan ba a neman aure hannu rabbana.

"Jolame!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ta aurenka ce fa!"

"Na sani, Gwaggo."

Vase ta girgiza masa kai tana kuka.

"Kar ka yi, Jo... da me za ka je gidanmu?"

"Ki fara zama abin da kika zo zama, masoyiyata. Ni mai jira ne."

Ya miƙa ta da hannu biyu, ya roƙi a binne laifin baƙuwa. Babban dattijo ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya karɓa ya sumbaci igiyar da ke jikinta, tafi ya tashi.

Ba a watse ba uwar Unaisi ta shigo, ta dire saiwar yaqona a tsakar tabarma.

"A ƙarƙashin gadonta na samu," ta ce, kunya kamar ta nutse.

Unaisi ko sallama ba ta tsaya yi ba, jirgin yamma ta bi.

Da Vase ta gama bincikenta, ba taron masana ta fara zuwa ba, wurinmu ta zo. Ta baje hoton lakar da aka tsaga, ta nuna wani farin layi na yashi.

"Nan teku ta taɓa haurowa ta shafe gari. In ta sake, kwarin makaranta za ta fara bi. Ku mayar da yaran tudu."

Gwaggo ta matso tana laluben gilashinta.

"Kakata ta ba ni labarin ruwan nan... dariya ake min in na faɗa."

"Gaskiya ta faɗa miki, Gwaggo. Ga shi a rubuce."

Tsohuwa ta shafa farin layin da yatsa.

Ranar da Vase ta sa rigar digiri, muka cika motar haya zuwa gidan iyayenta. Jolame sai zufa yake, ya san hannunsa ba komai. Muna zama Gwaggo ta zaro tabua daga jakarta, tata ta gado wadda ko mu ba mu taɓa gani ba, ta danƙa wa kawunsa. Bai kai ga buɗe baki ba ta riga shi, al'ada ko oho.

"Mai lakar nan muka zo roƙo. Kuma ba inda za ni sai da ita!"