Farin Ƙyallen Morven

Ranar Lahadi da rana gidan Guthrie da ke bakin teku a garin Arbroath ya cika da dangi da ƙamshin bandar kifi, sana'ar gidan tun kaka da kakanni. An taru ne don a ga yarinyar da Struan, autan gidan, ya sa wa zobe. Morven Rennie ke nan, mai baƙin gashi da farar fata tas da idanu shuɗɗa. Sana'arta ita ce zaɓa wa mata kalar kaya da ta kwalliya wadda za ta karɓi fatarsu da idanunsu, ta hanyar gwada musu ƙyallaye kala-kala.

Ana gama cin abinci Elspeth, mahaifiyar Struan, ta miƙo mata ƙunshi tana murmushi.

"Ga 'yar kyauta, da hannuna na saƙa. Saka mana mu gani, yanzu za a ɗauki hoto."

Morven ta buɗe. Rigar sanyi ce ruwan ɗorawa, kalar da ta fi kowace muzanta ta a duniya. Amma wa zai ce a'a a gaban dangin miji? Ta saka. Nan take hasken fuskarta ya ɗauke, ƙasan idanunta ya yi duhu.

"Kai, Struan!" in ji Elspeth da ƙarfi, don kowa ya ji. "Ka tabbata yarinyar nan lafiyarta ƙalau? Ai kamar yau aka sallamo ta daga asibiti! Wai kuma ita ce mai koya wa mutane sa kaya, da 'yan tsummokaranta!"

Dangi suka kwashe da dariya, mai hoto ya ɗauka. Kafin mako ya zagayo Elspeth ta sa an wanke hoton, ta rataye shi a zaure daidai inda duk mai shigowa zai fara cin karo da shi.

To ita Morven ba ta iya mantuwa ba, kuma ba ta iya ɓoye abin da ke cikinta. Tun a mota ranar ta fesar wa Struan.

"Na rantse sai na rama! Ranar bikinmu sai na sa uwarka a kalar da za ta mayar da ita kamar gawa. Ita ma a rataye nata hoton!"

"Haba Morven, wasa ne fa take yi."

"Wasa? To ni ma na iya wasan, ka zuba ido!"

Ya yi dariyar yaƙe, amma maganar ta zauna masa.

Saura mako shida biki sai ga dama ta kawo kanta. Elspeth ta zagaye shagunan birnin Dundee kaf, duk rigar da ta gwada sai ta ga ta ƙi ta. Dole ta haɗiye girman kai ta ce za ta zo wajen mai tsummokara. Morven ta yi tsalle a ɗakinta don murna. Ta ciro wani ƙyalle ruwan toka mai sirkin shunayya, wanda ta san zai tsotse duk wani jini da ke fuskar matar, ta goge shi da kyau ta ajiye a ƙarƙashin sauran. Shi za ta yi ta yabawa har Elspeth ta yarda.

Da ƙarfe goma na safe Elspeth ta iso, ta zauna gaban madubi a jikin taga, don wannan aiki ba a yin sa sai da hasken rana.

"Misis Guthrie, sai kin cire gilashin, kuma a goge hodar da jambakin."

"Har da wulaƙanci a cikin sana'ar taku?"

"Ka'ida ce. Fatar nake so in gani, ba fenti ba."

Elspeth ta yi tsaki, ta cire gilashinta mai duhu, ta goge hodar da ta laɓta. Morven ta rufe mata gashi da farar hula, sannan ta shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin haɓarta, wanda da shi ake farawa kullum. Sai hannunta ya tsaya.

Farin idon Elspeth ba fari ba ne. Kusa da ƙyallen nan ya fito rawaya sosai, haka ma goshinta da gefen hancinta. Morven ta ɗora kore, ta ɗora ja, ta ɗora shuɗi, duk abu ɗaya. Fuskoki sun fi dubu da ta duba a jikin tagar nan, ba ta taɓa ganin mai lafiya da irin wannan launi ba. Ga matar sai susar hannu take yi tun da ta zauna.

Zuciya ta ce mata, ina ruwanki? Ciro ƙyallenki ki gama aikinki. Har ta kai hannu ta taɓa shi, ta ji sanyinsa a yatsunta. Hoton zaure ya faɗo mata a rai, da dariyar dangi. Ta daɗe a haka kafin ta zare hannun.

"Misis Guthrie, ba kaya ne suka ƙi ki ba. Idonki ya yi rawaya. Ni ba likita ba ce, amma wannan ya yi kama da ciwon shawara. Don Allah ki je asibiti yau ɗin nan."

Elspeth ta miƙe zumbur, ta fizge hular ta jefar.

"Au! Abin da kika kira ni ki yi mini ke nan? Na ce kin yi kama da mara lafiya, shi ne kika tuɓe ni kika rama? Makira! Ɗana ba zai zauna da maciji ba!"

Ta buga ƙofa har madubi ya girgiza.

Ba a yi awa biyu ba sai ga Struan, ko rigar aiki bai cire ba, idanunsa jajir.

"Kin cika alƙawarinki, ko? Mama tana can tana kuka!"

"Struan, gaskiya na faɗa mata! Ka dubi idonta!"

"Kullum ina ganin idonta! Ke da bakinki kika ce sai kin mayar da ita gawa. Yanzu kuma in yarda tausayinta kike ji?" Ya juya mata baya. "A ɗaga bikin nan. Ban san wadda zan aura ba."

Morven ta zube a kan tulin ƙyallayenta ta yi kuka kamar ranta zai fita. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba ta da bakin kare kanta, don ita ta rantse a mota, ba wani ya rantse mata ba. Da kukan ya lafa sai fushi ya taso. Su ƙarata! Matar ta yi ta shafa hodarta har ta faɗi, sannan za su san wa ya yi ƙarya. Kwana biyu tana lallaɓa wannan tunani, kuma ba za a ɓoye ba, ya yi mata daɗi. Amma duk lokacin da ta rufe ido sai ta ga rawayar nan.

Rana ta uku ta tafi rumfar banda. Struan na jera kifi a kan sanduna, ya ƙi ɗagowa. Ta ajiye farin ƙyallen a kan benci, ta zare zobenta ta ɗora a kai.

"Ban zo roƙonka ba. Gobe da safe ka kai Mama bakin taga, kafin ta shafa hoda, ka sa mata wannan a ƙarƙashin haɓa. In ƙarya na yi, ka riƙe zobenka har abada."

Ta fita hawaye na zuba, hayaƙi ne ko baƙin ciki ita ma ba ta tantance ba.

Kwana tara babu waya, babu saƙo. Dangin Guthrie suka daina amsa gaisuwarta a titi, wata gwaggon Struan ma har da tsallaka hanya. Morven ta danne zuciyarta, ba ta ce wa kowa uffan ba.

Rana ta goma aka ƙwanƙwasa ƙofa. Struan ne, ya rame, farin ƙyallen na hannunsa.

"Na yi yadda kika ce, muka tafi asibiti. Tsakuwa ce ta toshe mata hanyar matsarmama. An yi aiki, an cire. Likita ya ce da an ƙara mako biyu..." Ya durƙusa ya kama hannunta, ya mayar mata da zobenta. "Sori, Morven. Ki yafe mini. Tana son ganinki."

Morven ta sami Elspeth a kwance a ɗakinta, babu hoda babu gilashi. A zaure kuwa ƙusa kawai ta gani a inda hoton yake.

"Zo nan, 'yata," in ji Elspeth, tana kuka. "Na san rigar nan ba za ta karɓe ki ba, da gangan na zaɓi zaren. Tsoro nake ji ki raba ni da autana."

Morven ta buɗe jaka ta ciro ƙyallen nan ruwan toka.

"Ni ma ba waliyyiya ba ce, Mama. Kin ga wannan? Shi na tanada miki ranar biki. Da ko mai hoto sai ya tsorata."

Elspeth ta ƙura masa ido, sai ta fashe da dariya tana dafe ciki. "Wayyo ɗinkina! Lallai mun dace da juna, 'yar banza!"

Sannan Morven ta ciro rigar sanyin nan ruwan ɗorawa ta yafa mata a kafaɗa, ta miƙa mata madubi. Idanun Elspeth masu ruwan zuma suka haska, kumatunta suka yi jini.

"Ai taki ce tun farko. Kalarki kika saƙa."

An ɗaura auren bayan wata biyu, uwar ango cikin riga ruwan ɗorawa, mutane sai tambaya suke wa ya zaɓa mata. Ku 'yan mata masu saurin rantsuwar ramuwa, ku dubi Morven da kyau. Furuci ɗaya na cikin fushi ya sa ranar da ta faɗi gaskiya har masoyinta ya ƙaryata ta, kuma ba wayonta ne ya dawo mata da zobenta ba, haƙurin da ta yi ne da alherin da ta yi wa wadda ta ci mata fuska. Ƙyallen ruwan tokan nan yana nan har yau a kicin ɗin Elspeth, da shi take goge tukwane.