Ƙahon Bayan Rumbu

Sa'adiyya na fifita wa mahaifinta koko a bakin ɗaki sai ga sallamar mijinta. Nan take ta ɗaure fuska. Kwana tara ke nan da likitocin Sakkwato suka ce a mai da Alhaji Labbo gida Bafarawa, magani ya yi iyakarsa, sai dai lallaɓawa. Kwana tara ke nan kuma Muntaka yana rufe shagonsa na gyaran babur ya shige ɗakin tsohon, a saki labule, a yi ta ƙus-ƙus.

Surukin da a da in ya hango Alhaji sai ya sake lungu don kunya!

"Wai mi kuka cewa, kai da Baba?"

"Hira dai."

"Hira? Mutumin da ko koko ba ya wuce mai maƙoshi?"

Muntaka ya sosa ƙeya ya wuce.

Ran kasuwa da hantsi gida ya watse. Sa'adiyya ta zagaya bayan rumbu ɗebo kara, sai ta yi turus. Ga Muntaka tsugune gaban rami da fartanya, a hannunsa ƙahon rago ɗinke da jar fata. Asiri! Ta ɗaga waya ta ɗauki bidiyo.

Yayanta Jibrilla na dawowa ya kalla, ya buga tsalle.

"Na hwaɗi! Tun da wanga yaro yas shigo danginmu Baba bai ƙara lahiya ba!"

Ya tare Muntaka a tsakar gida. "Ko ka hwaɗi wa ya aiko ka, ko ka rubuta mata takardarta yanzu!"

"Yaya, na yi alkawali. Ba ni hwaɗi."

"Ka ce ƙarya ce mana!" in ji Sa'adiyya cikin kuka. "Wata bakwai da armenmu, ubana za ka kashe?"

Ya dube ta, idonsa jawur. Jibrilla har ya yago takarda daga littafi.

"Ku shigo... ku duka."

Muryar tsohon ce, siririya kamar zare. Suka shiga suka durƙusa.

"Ni nib bizne shi," in ji Alhaji. "Shekara arba'in ke nan, sa'ad da nike tauri. Guda bakwai. Na tuba, na tai Makka, amma kunya ta hana ni tonewa. Shi na sa ya tone ya ƙone. Wanga shi na na ƙarshe."

"Baba, mi ya hana ka gaya min?" in ji Jibrilla.

"Kai? Wa'azi za ka yi min har in cika. Shi ko fartanya kawai ya ɗauka."

Tsohon ya so ya yi dariya, sai hawaye suka riga ta. Mutumin da a da wuƙa ke lanƙwashewa a cikinsa gaban jama'a, yau ga shi yana laluben hannun 'yarsa.

"Sa'a, tsoro nika ji. In na ruhe ido sai in ga rami, ni kaɗai, ga ƙahonnin nan sun riga ni."

Ta riƙe hannun da nata biyu. "Ni ma tsoro nika ji, Baba. Amma Wanda kat tuba gare Shi ya hi mu tausayinka. Kuma ba inda za ni, ina nan."

Jibrilla ya cukuikuye takardar, ya fita da kansa ya ɗauko ashana. Da takardar aka kunna wutar, aka jefa ƙahon ciki. Ba da jimawa ba ƙaurin fata ya cika gida.

"Ya ci?"

"Ya ci, Baba. Toka."

Tsohon ya sauke numfashi, ya sha koko cokali uku. Bayan kwana biyu, da la'asar, ya cika hannunsa cikin na Sa'adiyya, Muntaka yana maimaita masa kalmar shahada a kunne.

Ran sadakar uku ta sami mijinta ta durƙusa. "Ka yahe min. Bari in goge bidiyon."

"Bar shi," in ji Muntaka. "Na yi kyau ciki."

Ta yi dariya tana share hawaye, ta goge.

Da Muntaka bai yi haƙuri ba, da ya tsira da kansa ya tona asirin tsoho. Ke kuma mai saurin zargi, in kin ga mutum gaban rami da ƙaho, ki tsaya tukuna: ba ki san ko binnewa yake ko tonewa ba.