Ɗakin Bayan Bango

Ƙarfe sha ɗaya da kwata aka kawo wa 'yan sanda rahoton sata a wani bene. Kafin sha biyu Sufeto ya hau benen, Saje na biye da shi yana haki.

Ɗaki ɗaya ne, tebur uku, da fanka mai ƙara. Mutum uku ne a wurin, kuma shekara uku ke nan suna haɗa wasan kwamfuta guda, irin wanda bindiga ke tsakiyar allo kamar kai ke riƙe da ita, kana bin lunguna kana harbin dodanni.

Saje ya tsaya gaban wani hoto a bango. "Wannan ai bai wanku ba, duk ƙwaya-ƙwaya."

"Da gangan ne," in ji wata budurwa. "Irin na zamanin da muke kwaikwayo, shi mutane ke so yanzu."

"To Allah ya kyauta."

Mai wurin, wanda suke kira Oga, ya kasa zama. Daga taga sai ƙofa.

"Yallaɓai, an goge wasan daga kwamfutata, an ɗauke faifan da muke ajiyarsa. Ƙarfe biyar na yau ake rufe karɓar wasanni a gasar da muka shiga. In ta wuce mu, sai baɗi, mu kuwa ba za mu kai baɗi ba."

"Ba ku ajiye a intanet ba?"

"An taɓa kwashe mana zane a can. Tun daga nan na hana."

Sufeto ya duba ƙofa. Ba a taɓa kwaɗon ba. Ga kwamfutoci, ga lasifika, ba abin da ya yi motsi.

"Mutum nawa ke da makulli?"

"Mu uku. Ni, da ƙanwata Auta mai zana dodanni, sai Magini, mijin yayarmu mai rasuwa. Shi ke gina ɗakuna da hanyoyin cikin wasan."

Magini na zaune a kusurwa, mutum mai furfura jefi-jefi, hannayensa a kan gwiwa.

"Malam, yaushe ka zo yau?"

"Bayan goma. Na tarar ana ta ihu."

"Ke fa?"

"Goma daidai," Auta ta ce da sauri.

Sufeto ya tura Saje ƙasa wurin mai gyaran waya da ke gindin benen. Minti biyar ya dawo, ya raɗa masa magana.

"Auta, an ga shigowarki ƙarfe takwas da rabi."

Ta sunkuyar da kai. "Caja na manta. Na hau, na ji motsi a ciki, sai na koma."

"Motsin wa?"

"Ban leƙa ba."

"Kina da makulli, kin ji mutum a ofishinku, ba ki leƙa ba?"

Oga ya daka mata tsawa, Sufeto ya ɗaga masa hannu. Ya duba agogo. Ɗaya ta gota.

A ƙarshen ɗakin akwai wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton allo kamar akwati. Sufeto ya ga babu ƙura a kan maɓallanta.

"Wannan fa?"

"Ta gwaji ce. Duk abin da bai yi gudu a kanta ba, ba ma sa shi. Mataki biyu kawai na wasan ke ciki, ba za su shiga gasa ba." Oga ya tsaya cak. "Amma tana naɗar duk wasan da aka buga a kanta. Haka wasannin zamanin da ke yi, mu ma muka kwaikwaya."

Ya kunna. Na ƙarshe an buga shi yau, ƙarfe takwas da minti ashirin.

Suka taru a gaban allon. Mai wasan bai kula dodo ko ɗaya ba. Ya bi wani dogon lungu, ya tsaya gaban bango, bangon ya zuge. Sai ga wani ɗan ɗaki mai labule shuɗi, da keken ɗinki, da yadudduka a rataye. Wata murya ta mace tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

Auta ta rufe baki da hannu.

"Ɗakin wa ke nan?" Sufeto ya tambaya.

"Shagon yayarmu ne," in ji Oga. "Haka yake kafin ta rasu. Jiya na gano yana ciki, na ce yau zan cire kafin in aika. Yallaɓai, ka san 'yan wasa? Duk abin da suka gani harbi suke. Gobe a ɗora bidiyon wani yaro yana ɓarin wuta a kan keken yayata yana dariya? Ba da ni ba."

"Ke nan duk kun san inda ɗakin yake."

"Tun jiya, mun sani."

"Maido shi baya kaɗan. Daidai bakin ƙofa."

Aka maido. Sufeto ya nuna allon da biro. Kafin mai wasan ya shiga, bindigar ta sauka ƙasa, ta ɓace. Minti huɗu ya yi a ciki hannu sake. Sai da ya fito ta dawo.

Oga ya ƙura ido. "Babu maɓallin sauke bindiga a wasan nan."

"To ga shi an sauke. Zauna ka shiga mu gani."

Oga ya shiga ɗakin, bindiga na nan tsaye. Ya danna nan, ya danna can, ba ta motsa ba. Auta ma ta gwada, ita ma haka.

Sufeto ya ja kujerar baya. "Malam, bismilla."

Magini ya taso a hankali. Ƙarfe uku ta kusa. Fanka na ta ƙara, Oga na ta kaɗa ƙafa.

Ya bi lungun yana ɓata hanya da gangan, har ya bar wani dodo ya mare shi. Ya iso bangon, bangon ya zuge. Ga labulen, ga keken, ga muryar.

Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Shiga mana," Saje ya ce. "Taku ɗaya ne."

Bai shiga ba. Bindigar na nuna keken ɗinkin sak. Ya daɗe haka, har Sufeto ya ji numfashinsa. Can ƙaramin yatsansa ya miƙe ya haɗa maɓalli biyu a gefe. Bindigar ta sauka. Sannan ya shiga.



"Faifan yana ƙarƙashin kujerar babur ɗina," Magini ya ce, bai juyo ba. "A cikin safa. Ban taɓa komai a ciki ba."

Saje ya sauka da gudu.

"Haba Yaya," Oga ya ce wa Magini. "Shekara uku! Har da guminka a ciki!"

"Na sani. Wata bakwai na yi ina gina shagon nan, ina tuno inda take rataye almakashi. An rushe na gasken, an yi wurin wankin mota. Muryar nan daga wayata na ciro ta kafin wayar ta mutu. Ka ce in ka cire har fayil ɗin za ka goge don kar in mayar. Na zo da safe in yi mata sallama, sai na kasa, na goge na kwamfutarka na ɗauke faifan don kar ka kai ga shagon." Ya dubi Auta. "Ke kuma ki yafe ni, kin gan ni kin rufa mini asiri, na sa ki ƙarya."

Saje ya dawo da faifan. Oga ya jona shi, komai na nan. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce a bar maganar, ta gida ce.

"An riga an buɗe fayil a ofis," in ji Sufeto. "Sai ya zo ya ba da bayani. In za ka janye, ka same mu can bayan biyar."

Bai sa wa Magini ankwa ba. Ya dai riƙe masa ƙofa.

Sun kai rabin bene Oga ya leƙo daga sama.

"Yaya! Sauke bindigar nan, za a iya sa ta ta riƙa sauka da kanta? Ga duk wanda ya shiga?"

Magini ya tsaya, ya riƙe ƙarfen benen.

"Layi uku ne na umarni za a ƙara. Auta, ɗauko biro."

Sufeto ya duba agogo, ya jingina da bango ya jira har ya gama faɗa mata. Sannan suka sauka.